Mutumin da Yake Juya Benci

Ranar addu'ar uku ina cikin gida tare da mata muna karɓar gaisuwa, sai babban ɗan Kawu ya leƙo daga zaure yana yafito ni da hannu. Na ga fuskarsa ba ta mai kuka ba ce, ta wanda aka ɓata wa shiri ce. Ya ce, "Zo ki ga abin da mutanenku suka yi mana da kujeru."

Na ja mayafi na fita. Tun da hantsi aka jera kujerun roba a ƙarƙashin rumfar da aka kafa a ƙofar gidan, nan unguwar Bukan Sidi, sahu-sahu, duk suna kallon tabarmar liman, kamar yadda ake yi a kowane gidan makoki. Ɓangaren dama yana nan yadda aka bar shi. Ɓangaren hagu kuwa, inda tsofaffin ɗaliban Kawu suka taru, an rushe sahun gaba ɗaya. Sun kai su talatin, maza da mata, Musulmi da Kirista, wasu har da furfura, sun ja kujerun sun yi zobe, kowa yana kallon fuskar kowa. Ba wanda ya sa su. Daga baya na ji cewa wata ce ta juya kujerarta don ta gaisa da na bayanta, na kusa da ita shi ma ya juya tasa, kafin a ankara zobe ya rufe. Suka kuma zauna shiru, hannuwa a kan gwiwa, suna jiran wani ya fara magana.

Wani dattijo maƙwabcinmu ya matsa kusa da liman, ya ce ƙasa-ƙasa amma yadda kowa zai ji, "Malam, waɗannan mitin suka zo yi ko ta'aziyya?" Liman ya dube su ya ce, "Ƙyale su, Alhaji. Haka mamacin ya saba zama da su."

Dariya ta kuɓuce mini, ta farko tun ranar da aka ɗauki Kawu, kafin in rufe baki kuma ta koma kuka. Na kusa da ni suka ɗauka kukan rashi ne kawai, suka yi ta ba ni haƙuri. Akwai rashi a ciki, amma akwai kunya. A duk danginmu ni kaɗai na gaji aikin Kawu. A kwalejin da ya koyar nake koyarwa, darasin rubutu da adabi da ya riƙe shekara talatin shi ne a hannuna yau. Kuma shekara huɗu ke nan ban juya benci ko ɗaya a ajina ba. Kawu ya san haka, ya jira ni in gyara, ya rasu ban gyara ba.

Wadda ta karya shirun zoben wata mata ce daga Agyaragu, shugabar makarantar firamare yanzu, mai jiki da murya. Ta ce, "Ni fa lokacin da na shiga ajin Malam, wata biyu ban buɗe baki na ba. Ni matan aure ne, da yara uku, Turanci na ya karye, Hausa na ma sai a hankali. Ina zauna a baya ina addu'a kar ya gan ni."

Na san labarin, domin Kawu ya ba mu shi a gida ba sau ɗaya ba, amma ban taɓa jin sa daga bakin mai shi ba. Wata rana suna karanta wani labari, a ciki manomi ya yanka doya ya binne ta nan take. Kawu ya tambaya, "Marubucin nan ya taɓa riƙe irin doya kuwa? Wa ya sani a cikinku?" Aji ya yi tsit. Ita kuwa abin ya ci mata rai, ba ta san lokacin da ta ce "Zai ruɓe" ba. Kawu ya taso daga inda yake, ya miƙa mata alli, ya zauna a gurbinta a benci, ya buɗe littafinsa, ya zaro fensir daga bayan kunne. Ta tsaya gaban allo, ta bayyana yadda ake yanka iri, a shafa masa toka, a bar shi ya sha iska kafin a kai shi gona. Inda Turanci ya ƙare mata ta shiga Hausa, inda Hausa ta ƙare ta shiga yaren Migili, wani ɗan garinsu yana fassarawa.

"Babban lakcara fa," in ji ta, tana share ido da bakin zane, "ya ɗaga mani hannu kamar yaro. Ya ce, 'Malama, ban gane ba, tokan kowane itace ne?' Ni, Malama! Daga ranan nan, wallahi, ba wanda ya iya rufe mani baki. Ku tambayi miji na." Zoben ya fashe da dariya, har dattijon nan maƙwabcinmu ya juyo da tasa kujerar kaɗan.

Bayanta wani mutum ya miƙe, ɗan kasuwar riɗi ne, ina ganinsa a gari ban san ya bi ta hannun Kawu ba. Yana da in'ina mai tsanani. Ya buɗe baki zai ce "Malam", kalmar ta maƙale masa, ya yi ta fama da ita, jijiyar wuyansa ta tashi. A ko'ina ne da tuni wani mai tausayi ya ƙarasa masa. Mutum talatin ɗin nan ba wanda ya motsa. Dokar ajin Kawu ce: wanda ya ƙarasa wa ɗan'uwansa magana ya sace masa ita. Suka jira shi har ya fitar da jimlarsa da kansa, ya ce a duk rayuwarsa ajin Malam ne wuri na farko da aka bari ya kai ƙarshen zancensa. Ya zauna yana haki.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, "Uwata" yake ce mini tun ina goye, matarsa Inna kuwa ta ce "Uwar masu gida". Da mahaifina ya rasu shi ya ɗauko ni, a hannunsu na girma. Irin gidajen nan ne da kakanni suka zo daga Barno tun da daɗewa, Barbarcin bai rage mana ba sai a gaisuwa. Dogo ne siriri, hularsa kullum a ɗan karkace, yana da tsohon babur da unguwa duka ta san tarinsa. Fensir ba ya rabuwa da bayan kunnensa sai zai yi alwala, nan ne yake cire shi ya manta a bakin rijiya, Inna ta bi ta tsince ta zuba a gwangwanin madara.

Bai taɓa riƙe jan biro ba. Ya ce ɗalibi in ya ga takardarsa ta yi ja ba ya karanta gyaran, maki yake dubawa ya ninke ta ya cusa a aljihu. Da fensir yake rubutu a gefen takarda, kuma kusan duk abin da zai rubuta tambaya ce. Wadda ya fi yi, wadda duk wanda ya zauna a ajinsa zai iya faɗa maka ko daga barci ka tashe shi, ita ce: "Ka gani, ko an gaya maka?" Ba wai yana nufin abin da aka gaya maka ƙarya ne ba. So yake ka san wanne ne a cikin biyun, ka kuma gaya wa mai karatu gaskiya.

Ranar farko ta kowane zango iri ɗaya ce. Ya shigo, ya yi sallama, ya ce, "Ku tashi, ku juya benci." A yi ta jan katako a kan siminti ana ƙara, har sai kowa yana ganin kowa, shi kuma ya samu gurbi ko'ina ya zauna. Mako na biyu ya kore su daga aji. Kowa ya je ya tsaya rabin awa wajen masu doya, ko wajen masu gyaran babur, ko inda 'yan acaba ke lodin Shabu, ya rubuto abin da kunnensa ya ji, ba abin da ya kamata a ce an faɗa ba. Su dawo su karanta wa juna uku-uku, kowa ya nuna wa ɗan'uwansa inda zancen ya ɓace masa, a koma a sake rubutawa. Sai an yi haka sau biyu kafin takarda ta isa hannunsa.

Sai kuma shirun. Kawu yakan jefa tambaya ya naɗe hannu. Minti ɗaya, minti biyu, ana jin kukan fanka, ana jin akuya a bayan taga. Ɗalibai su yi ta kallon ƙasa suna zufa, shi kuwa ya zaro reza yana feƙe fensir hankali kwance. In wani ya gaji ya ce, "Malam, to kai me ka gani?" sai ya ce, "Ni na riga na ji muryata. Shekara hamsin ina jin ta, ta gundure ni. Taku nake so."

Ba waliyyi ba ne, kada in yi masa ƙarya yana kabari. Taurin kai gare shi, kuma a gida halin nan nasa yakan ƙular da mutum. Wata damina Inna ta tambaye shi ko a sake kwanon ɗakin baya, ya dube ta ya ce, "To, ke me kika gani?" Inna ta ajiye ludayi ta ce, "Ruwa na gani a kan katifa, Malam, shi na gani! Ni ba ɗalibarka ba ce, ka ba ni amsa." Sai da aka shekara kafin a sake kwanon.

Babban abokin faɗansa malamin tarihi ne, wanda ajinsa ke jikin na Kawu, bango ɗaya ya raba su. Shi mutum ne mai tsari. Ya shigo da tsohon littafinsa, ya karanta, a rubuta, aya, sabon layi, a tashi a kan lokaci. Ƙarar jan benci ta hana shi sakat. Ya kai ƙara wajen shugaban sashe cewa Kawu ba ya koyarwa, yara ne ke surutu shi yana zaune yana feƙe fensir, kuma in jarrabawa ta zo me za su rubuta, hirar kasuwa? Ba maganar banza ya yi ba, iyaye da yawa haka suke gani, har a cikin ɗaliban akwai masu zuwa su ce, "Malam, ka ba mu not mu haddace mana, mu huta." Aka turo wani jami'i ya duba, baƙo ne, bai san fuskar Kawu ba. Ya shiga ya tarar da zobe ana ta musu a kan wata waƙa, ya duba gaban allo ba kowa. Ya daka tsawa, "Ina malaminku?" Kawu, daga tsakanin wasu samari biyu, ya ɗaga hannu ya ce, "Ga ni, ranka ya daɗe, amma ba layina ba ne, wannan ke magana. Samu wuri." Jami'in ya zauna zai rubuta rahoto. Kafin a tashi shi ma ya shiga musun, har yana buga benci.

Ba a hana Kawu ba, ba a kuma yaba masa ba. An dai mayar da ajinsa can ƙarshen gini, kusa da bishiyoyin kashu, inda ƙararsa ba za ta dami kowa ba. Shi da malamin tarihi suka yi shekaru gaisuwa sai daga nesa. Ranar ukun nan malamin tarihin ya zo da sanda, 'yarsa tana riƙe da hannunsa. Ya tsaya yana kallon zoben, wani ya buɗe masa gurbi ya ja masa kujera. Ya zauna ya ce, "Har yau ina nan a kan bakana, rabin abin da yake yi ɓata lokaci ne. Amma ni waɗanda na koyar ba su ƙirguwa, mu haɗu a hanya su gaishe ni su wuce, ban san muryar ko ɗaya ba. Shi kuwa, kun gani." Ya nuna su da sanda, bai iya ƙarasawa ba, su kuma ba su ƙarasa masa ba.

Ni ma na yi nawa faɗan da shi. Shekarata ta farko a kwaleji na faɗa ajinsa, na shiga da taƙama, ni 'yar gida. Aka ce mu yi rubutu a kan wani littafin labari da muka karanta. To, na sha jin Kawu yana zancen littafin nan da abokansa a ƙofar gida bayan la'asar, ra'ayinsa yana kaina tsaf. Na zauna na zuba shi duka a takarda, har da yadda yake jan magana, na miƙa ina jiran yabo. Takarda ta dawo ba maki, sai layi biyu da fensir: "Wannan ra'ayin na san mai shi, hula ɗaya muke sawa. Ke fa, kin gani ko an gaya miki?"

Mako uku ina ajiye masa abinci ba na ɗaga kai. Na kai ƙara wajen Inna, ta ce, "Ni da ruwa ya zuba wa a katifa, kin ga na samu amsa?" Ƙarshe don haushi na sake karanta littafin da niyyar in ƙaryata Kawu. Na rubuta cewa matar da yake yabo a labarin, wai mai haƙuri, ni ban ga haƙuri a wajenta ba, tsoro na gani, kuma na san bambancinsu domin na ga mahaifiyata bayan rasuwar mahaifina. Ya karanta a zaure, ya daɗe. Sannan ya kira ni ya ce, "Uwata, ban yarda da ke ba. Amma fiye da shekara goma ina karanta littafin nan, ban taɓa ganin wannan ba. Gobe ki karanta wa aji, mu yi faɗan a can." Muka yi. Fiye da rabin aji suka bi bayana. Ya dawo gida yana ba Inna labari bakinsa har kunne, wai yau an kayar da shi. Ban taɓa ganin mutumin da ke murna da shan kaye kamar Kawu ba, kuma ban taɓa jin darajar kaina kamar ranar ba.

Da na ƙare karatu na dawo aka ɗauke ni aiki, shi kuma ya yi ritaya, darasinsa ya faɗo hannuna. Shekarun farko na juya benci, na kori ɗalibai kasuwa, na koyi naɗe hannu. Sannan ɗalibai suka yi ta ƙaruwa. Aka gina sabon ɗakin lakca, babba, benci da tebur a haɗe, an kafe su a siminti, duk suna kallon allo. Aji ya wuce mutum ɗari biyu. Na haifi na uku, takardun dubawa suka cika mini ɗaki. Wata rana na shigo a gajiye na ce, "Ku fito da littafi, ku rubuta." Na karanta, suka rubuta, aka tashi a kan lokaci, ba hayaniya, ba ciwon kai. Har gode mini suka yi. Na ce wa kaina na yau ne kawai. Ba zan ɗora wa siminti laifin duka ba, gaskiya daɗin abin na ji.

Bara waccan, wata Talata, ina tsakiyar "aya, sabon layi", na ɗaga kai na ga hula a karkace a bakin taga. Ya zo gaida tsofaffin abokan aiki ne, ya biyo ya ga ajin 'yarsa. Ɗalibai duk sun sunkuya suna rubutu, ba wanda ya gan shi sai ni. Muka haɗa ido. Ban san abin da zan yi ba, sai na ƙarasa jimlar da nake karantawa. Da na sake dubawa ba ya nan.

Bai taɓa tayar da maganar ba. Da faɗa ya yi da na samu abin kare kaina, har jawabi na shirya. Abin da ya yi shi ne abin da ya saba. Kowace Juma'a bayan la'asar nakan je gaishe su, in tarar da shi a kan tabarma a gindin mangwaron tsakar gida. In mun gaisa sai ya ce, "Uwata, me ɗalibanki suka ce wannan makon?" Da can da labari nake zuwa fal baki, mu yi ta yi har a kira magariba. Yanzu sai in ce, "Suna nan lafiya, Kawu." Ya ce, "Madalla." Sai ya yi shirun nan nasa, ni kuma in yi ta kallon saƙar tabarma, har Inna ta tausaya mini ta ƙwala mini kira daga kicin wai in zo in ɗanɗana mata gishiri. Ɗaliban ba abin da suka ce, ai ban tambaye su ba. Shekara biyu muna haka, ba Juma'ar da ya fasa tambaya.

Juma'ar ƙarshe yana kwance a ɗaki, ciwo ya cinye shi, murya ta yi ƙasa sai na sunkuya nake ji. Ya tambaya. Ni kuma jawabin nan da na daɗe ina ajiya ya ɓalle mini. Na ce, "Kawu, yanzu ba kamar zamaninku ba ne. Sun fi ɗari biyu. Bencin ma an kafe shi a siminti, ko na so ba ya juyuwa." Ya rufe ido, har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Can ya ce, "An kafe bencin." Ya numfasa. "Yaran ma an kafe su?" Na gyara masa mayafi na fita. Ran Litinin da hantsi ya cika.

Bayan sadakar bakwai na koma aiki. Na shiga aji littafin not yana cikin jaka, ɗalibai suka yi mini gaisuwa, suka buɗe littattafai, biro a hannu, suna jira. Na ce, "Ku rufe. Sahu na ɗaya, na uku, na biyar, har baya, ku juya ku fuskanci na bayanku." Suka kalli juna. Wani ya ce, "Ma, tes ne?" Aka shiga ɗaga ƙafa ana tsallake benci, 'yan mata suna tattare siket da hijabi, jakunkuna suna faɗuwa, ana dariya. Ba ƙarar katako ba ce, amma na gane ta.

Na ce, "Tun farkon zango nake karanta muku kuna rubutawa. A cikin abin da na faɗa, wanne ne kuka san ba haka yake ba a gidajenku? Ku tattauna, sannan wani ya gaya mana." Na sauko daga dandamali na zauna a bakin wani benci. Suka ɗan yi ƙus-ƙus, sannan aji ya mutu. Wa zai tashi ya ce wa malama ta yi kuskure, jarrabawa saura wata ɗaya? Na manta nauyin shirun nan a wuyan malami. Bakina yana ƙaiƙayi in ba su misali, hannuna yana neman jaka. Na naɗe hannuwan na danne su. Ina jin babura a titi, ina cewa a raina, Kawu, dama haka kake ji kana feƙe fensir kamar ba komai?

Can tsakiya wata yarinya ta miƙe. Wata uku tana ajina, da a kasuwa muka haɗu ba zan gane ta ba. Ta ce daga Shabu take zuwa. Ta ce, "Ma, sori fa. Kin ce tatsuniya ya mutu a gidaje, wai waya ya kashe shi. Ni kaka na tana ƙauye, kowane sati tana aiko mana tatsuniya ta waya, da yaren Eggon. Mu jikoki duka muna guruf ɗaya. In ta yi leti, har waɗanda ke Abuja suna kira su yi faɗa."

Layin nan daga wani littafi na kwafo shi, shekara huɗu ina karanta wa yara suna haddacewa suna zuba mini a jarrabawa ina ba su maki. Ban gani ba, gaya mini aka yi. Na ɗaga hannu na ce, "Malama, da waƙoƙin cikin tatsuniyar take aikowa, ko labarin kawai?" Ta zaro ido, aji ya ɗauki sowa, hannuwa suka tashi ta ko'ina. Wani ya ce su a gidansu ta mutu da gaske, wata ta ce ba ta mutu ba, shi ne ba ya zama a gida. Muka cinye lokacinmu muka shiga na wani, har malamin da zai shigo bayana ya gaji da tsayuwa ya fara buga ƙofa.

Ran Juma'a bayan la'asar na tari keke na ce Bukan Sidi. Duk hanya ina shirya yadda zan ba da labarin, inda zan ja, inda zan kwaikwayi muryar yarinyar, ina ganin yadda zai karkata hula ya yi dariya. Sai da na sauka na ga ramukan da sandunan rumfa suka bari a ƙofar gida, sannan na tuna. Na daɗe a zaure kafin in shiga.

Inna tana takaba, tana zaune a kan tabarmarsa a gindin mangwaro, gwangwanin fensir yana gefenta. Muka gaisa, na zauna. Sai ta ce, "Uwar masu gida, me ɗalibanki suka ce wannan makon?"

Na ɗago na dube ta. Ta ce, "Shi ya bar mini. Ya ce kowace Juma'a in tambaye ki, kada in gaji, wata rana za ki zo da amsa. Ya ce kuma in kin yi shiru in bar ki da shirunki, kada in sake in kira ki ɗanɗana gishiri." Ta naɗe hannu a ƙirji, yadda ta shekara arba'in tana ganin ana yi tana faɗa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa taurin kansa, ya yalwata masa makwancinsa, ya sa in ya isa can a buɗe masa gurbi a cikin mutanen kirki a ja masa kujera. Ni dai na share fuska da mayafi, na gyara zama a kan tabarmarsa, na ce, "Inna, wata yarinya daga Shabu ta tashi a gaban mutum ɗari biyu ta ce na yi kuskure."

Inna ta ce, "Alhamdu lillahi. Ina jin ki."